Shimfiɗar tsakar gida a Legas: tayil, kankare ko intalok?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni mutuniyar Kano ce, aure ne ya kawo ni Legas, muna zaune a Agege. Allah ya nufa mun kammala ginin gidanmu, sai dai filin da ke can baya, mai tsawon mita 8 da faɗin mita 5, har yanzu jar ƙasa ce, kuma da zarar an yi ruwa sai ya caɓe, yara su kwaso taɓo har cikin ɗaki. A wurin muke wanki da shanya, a nan muke ɗora tukunya idan an yi taro, a nan maigida yake yanka ragon layya, da yamma kuma mu shimfiɗa tabarma mu sha iska. Ni tayil nake so irin na falonmu saboda kyansa da sauƙin gogewa, maigida ya ce a zuba kankare a huta, birkilan da ya yi mana aiki kuma ya ce intalok, wato ƙananan duwatsun siminti da ake jerawa a ƙasa. Surukata tana tare da mu, ta manyanta, ƙafarta ba ta da ƙarfi sosai. Wanne ya kamata mu zaɓa?

Daga wata mai karatu, Agege.

Amsa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya albarka a gidan, ya sa kun shiga da ƙafar dama, ya kuma ƙara wa Baba tsohuwa lafiya. A wannan karon ina bayan birkilanku, amma da sharuɗɗa, kuma kafin in zo kan abin da za a shimfiɗa, akwai maganar da ta riga shi, wato maganar ruwa.

Wanda ya tashi a Arewa yakan auna tsakar gida da ma'aunin rana da ƙura, domin a Kano damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, sauran shekarar kuma ƙasa a bushe take ƙamas. Shi ya sa daɓen da iyayenmu mata suke taruwa su yi da tsakuwa da madaɓi, su bi shi da ruwan makuba, yake ɗaukar shekaru bai lalace ba. Legas ba haka take ba. Ruwan da yake sauka a nan cikin shekara ya haura milimita 1,500, kusan ninki biyu na abin da Kano take samu, kuma yana zuwa ne kashi biyu: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan tsagaita a watan Agusta, sannan ya dawo a Satumba da Oktoba. Ko a ranar da ba a yi ruwa ba iska tana ɗauke da raɓa da laima, saboda haka wurin da ya jiƙe ba ya saurin bushewa, gansakuka kuma ba ta son abin da ya fi wannan.

Bari mu yi lissafi da filinki. Mita 8 sau mita 5 ya ba mu murabba'in mita 40. Kowace milimita ɗaya ta ruwan sama lita ɗaya ce a kan murabba'in mita ɗaya, don haka idan aka tafka ruwa mai milimita 50 a dare guda, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Yuni, lita 2,000 ce za ta sauka a tsakar gidanki, wato jarka 80 mai lita 25. Ban ma sa wanda kwanon rufi zai zubo ba, shi kuwa yakan fi wannan yawa. A yanzu jar ƙasar tana shanye wani kaso, shi ne taɓon da kike gani. Ranar da kika rufe ta da tayil ko kankare, ruwan nan gaba ɗaya sai ya nemi hanya a sarari, kuma idan ba ku yi masa hanya ba zai yi wa kansa, galibi ta gindin bango ko ta ƙofar kicin.

Saboda haka abu na farko da za ku tsayar da birkila a kai shi ne gangara. A kowace mita ɗaya ƙasa ta sauka da santimita 1.5 zuwa 2, ta nufi kwata, ta juya wa ginin baya. A tsawon mita 8 kin ga bambancin zai kai santimita 12 zuwa 16 tsakanin bakin ƙofa da ƙarshen fili, kuma ido ba ya ganin wannan a matsayin tudu, amma ruwa yana ganinsa. Na biyu, saman shimfiɗar ya kasance ƙasa da daɓen ɗakuna da aƙalla santimita 15, domin kada ruwan da ke fantsama ya riƙa jiƙa bango har fenti ya kumbura ya fara zuba. Na uku, ruwan indararo a sa masa bututu ya tafi kwata kai tsaye, kada a bar shi yana dukan wuri ɗaya, domin babu shimfiɗar da ke jure wannan duka shekara da shekaru. Kun yi sa'a Agege tana kan tudu idan aka kwatanta da Lekki da Ajah, inda ake tarar da ruwa bayan ɗan haƙa kaɗan, amma duk da haka ku duba kwatar layinku da kyau, ku tabbatar bakin magudanar gidanku ya fi ta tsayi, in ba haka ba ranar da kwata ta cika ruwan titi ne zai biyo bututu ya shigo muku.

Yanzu sai tayil, tunda shi ne ranki yake so. Hajiya, tayil ɗin falo mai sheƙi kada ki yarda a kai shi inda ruwan sama yake taɓawa, ko da kyauta aka ba ki. Idan ya jiƙe, musamman da ruwan sabulun wanki ko ruwan alwala da ya kwanta ya yi yauƙi, santsinsa ba ya barin yaro balle tsohuwa, kuma karayar ƙugu a jikin wanda ya manyanta ba ƙaramar jinya ba ce. Wannan kaɗai ya isa dalili a gidan da ke da tsohuwa. Akwai kuma matsalar yadda ake manna shi. Na taɓa shiga wani gida a wajen Ikorodu, shekara biyu kacal da yin aikin, maigidan ya ɗauki muƙullin motarsa yana ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya don in ji: wani ya yi ƙara mai nauyi, wani ya yi ƙara kamar an buga ƙwarya. Da muka ɓamɓare guda ɗaya sai ga siminti curi biyar, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, sauran wurin kuwa rami ne cike da baƙin ruwa da kyankyasai. Mai aikin ya yi tsimin siminti ne, ruwa ya bi ta tsakanin layuka ya kwanta a ƙasa, rana ta buga, tayil ya saki. A irin wannan daɓe, ranar da aka ajiye turmi aka fara daka, a ranar zai fashe.

Ba ina cewa babu tayil ɗin waje ba ne. Akwai shi, kuma idan kika je kasuwar kayan gini ta Odunade da ke Orile za ki same shi, sai dai ki san abin da za ki tambaya. Ki nemi nau'in da ake kira fosilin, wanda aka gasa sosai har ruwan da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 na nauyinsa ba, mai kaushin fuska, kuma ki duba jikin kwalin ko an rubuta R11 ko sama da haka, domin wannan lambar ita ce ma'aunin riƙe ƙafa, R9 na cikin ɗaki ne. Ki tafi da ruwa a gora. Ki juya tayil ɗin ki ɗiga masa a baya, idan ya shanye nan take to ba na waje ba ne, sannan ki zuba a fuskarsa ki goga tafin hannunki da ƙarfi ki ji ko zai zame. Mai shago na gaskiya ba zai hana ki wannan ba. Amma ki sani cewa tayil ba ya zama a kan ƙasa, dole sai an fara zuba kankare a ƙarƙashinsa, don haka kuɗi biyu za ku kashe. Shawarata ita ce, idan za ku yi rumfar kwano a gefen da kuke shimfiɗa tabarma, to a ƙarƙashin rumfar a sa irin wannan tayil, ki sami abin da kike so a inda ba zai cutar da kowa ba. Ki zaɓi mai haske, domin baƙi da ruwan toka mai duhu suna ɗaukar zafi, a watan Fabrairu da Maris ba a iya taka su da rana babu takalmi.

Maganar maigida ta kankare ba ta faɗi ƙasa ba. Shi ne mafi sauƙin kuɗi a cikin ukun, shi ne kuma mafi sauƙin wankewa, kuma idan an yi shi yadda ya kamata yana kai shekaru masu yawa. Kaurinsa ya kai santimita 10, wato inci 4, haɗinsa kuma kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi mai kaushi, huɗu na tsakuwar dutse. Da wannan haɗi, kowane murabba'in mita 10 zai ci kimanin buhu 6 na siminti mai kilo 50, saboda haka idan aka ce miki buhu 10 zai rufe filinki duka, ki san yashi za a zuba miki. Inda aka fi cutar masu gida shi ne wajen ruwa: lebura yakan tsinka kwaɓin domin ya yi masa sauƙin ja da shebur, ruwan da ya yi yawa kuwa shi ne yake raunana kankare, bayan 'yan watanni fuskarsa ta fara gari ana sharewa da tsintsiya. Bayan an zuba, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7 aƙalla, a rufe shi da buhuna ko leda, kada a ɗora masa nauyi da wuri, domin sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa. A kuma tsaga masa layi duk bayan mita 2.5 zuwa 3, saboda kankare yana takurewa idan yana bushewa, kuma gara ya tsage a layin da aka yanka masa da ya tsage a tsakiyar fili. Fuskarsa kada a goge ta sumul da cokalin birkila, a ja mata tsintsiya ko burushi tun tana ɗanya domin ta riƙe ƙafa.

Abin da ya sa ban ba ku shawarar rufe filin duka da shi ba, dalili biyu ne. Kankare ba ya barin ko ɗigon ruwa ya shiga ƙasa, kuma ba ya gyaruwa sai da fasawa. A yawancin gidajen Legas, ta wannan fili na baya bututun ruwa da na bayi suke bi su tafi sokawe, wato ramin da ƙazantar bayi take taruwa, kuma ba a daɗewa ba a nemi tono su ba. Ranar da bututu ya toshe sai an kawo guduma, in an gama kuma facin zai zauna a wurin kamar tabo har abada. Shi ma kankaren ado da ake buga wa zane da launi, wanda ake yayi yanzu a sababbin unguwanni, wannan matsalar tana kansa, ga shi man da ake shafa masa don ya yi ƙyalli yana da santsi idan ya jiƙe, kuma sai an riƙa sabunta shi bayan shekara biyu ko uku.

Intalok ya fi dacewa da ƙasar Legas ne saboda ba a manne yake ba. Duwatsun a jere suke a kan yashi, kowanne ya riƙe ɗan'uwansa, wani kaso na ruwa yana bi ta tsakaninsu ya nutse, idan ƙasa ta ɗan motsa sukan bi ta ba tare da sun tsage ba, idan kuma aka so tono bututu sai a cire na wurin a ajiye gefe, a gama a mayar da su. Amma duk intalok ɗin da kika gani ya lotsa ya tara ruwa a bakin shaguna da gidajen mai, ba dutsen ne ya gaza ba, abin da ke ƙarƙashinsa ne ba a yi ba. Ga yadda ya kamata a yi. A kwashe ƙasar sama mai ciyawa da saiwoyi, a daddanne ta ƙasan da injin daɓe, ba da ƙafa ko guntun bulo ba. A zuba dakakken dutse mai haɗe da garinsa, kaurin santimita 10 zuwa 15, a sake bi da inji har sai an taka ba a ga sawu ba, kuma a wannan matakin ne ake fitar da gangara. Sannan a baje yashi mai kaushi santimita 3 zuwa 4, kada ya wuce haka, domin yashi mai yawa shi ne yake gudu ya bar rami. A jera duwatsun, a ɗaure gefunan filin da bulo ko kankare domin kada su baje, a watsa busasshen yashi mai laushi a share shi cikin layukan har su cika, a bi da inji karo na ƙarshe. Hayar injin nan ta yini ɗaya ita ce kuɗin da mutane suka fi ƙyashin biya, alhali ita ce take raba aikin shekara biyu da na shekara ashirin.

Wajen saye, mai kaurin santimita 6 ya ishe ku tunda mota ba ta shiga wurin, mai santimita 8 na inda manyan motoci ke bi ne. Idan mai siffar bulo ne, tsawo santimita 20 faɗi 10, guda 50 ne ke rufe murabba'in mita ɗaya, kin ga filinki duka zai ci 2,000, ki ƙara kamar 100 saboda yanka da fashewa, ragowar kuma ki adana don gyara, domin launin da za ki samu nan gaba ba zai zo daidai da na yanzu ba. Iri biyu ne a kasuwa: wanda inji ya matse, mai kaushin fuska, da wanda ake zubawa a mazubin roba, mai sheƙi da kyan gani. Saboda Baba tsohuwa ki ɗauki na farko. Ki sa maigida ya ɗauki guda biyu ya gwara su, mai kyau zai yi ƙara tsaf, wanda siminti bai ishe shi ba zai yi ƙara a dushe, gefensa ya marmashe. Ya kuma karce kusurwa da ƙusa, ya tambayi ranar da aka buga su, domin wanda bai yi mako biyu ba bai kamata a ɗora shi a mota ba.

Intalok yana da nasa aibin, kuma ya shafe ki kai tsaye. Yana shan maiko. Manja, man gyaɗa, baƙin man janareta da jinin yanka duk suna shiga jikinsa da yashin da ke tsakaninsa, ƙarni ya daɗe bai fita ba, ƙudaje su samu wurin zama. Ruwan wanki na kullum shi ma yana wanke yashin layukan. Saboda haka ku ware kusurwar da ta fi kusa da kwata, kamar mita 2 sau 3, a zuba mata kankare irin wanda na bayyana, a yi mata ɗan baki da rariya mai murfi. Nan ne wurin wanki, nan ne wurin yankan layya da gyaran kayan ciki, in an gama a kwara ruwa a bi da tsintsiya, shi ke nan. Kin ga maigida ma ya sami nasa. Murhun taro kuwa, na itace ko na gawayi, kada a hura shi kai tsaye a kan kankare ko intalok, domin wuta tana fasa fuskar siminti. A shimfiɗa yashi mai kauri ko falle na ƙarfe a kan bulo tukuna. Ciyawa za ta riƙa leƙowa ta layuka da damina, a cire ta tun tana ƙarama a ƙara yashi, gefen da inuwar katanga take rufewa kuma a riƙa wanke shi da burushi da ruwan bilic kafin gansakuka ta kama.

Ku yi aikin tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da ƙasa take a bushe. Idan birkila ya kawo lissafi, ku ce ya rubuta kuɗin dakakken dutse da yashi da hayar inji da ɗaurin gefe kowanne daban, domin lissafin da ya fi araha sau da yawa waɗannan ne aka cire daga cikinsa. Murfin sokawe kada a binne shi. Kafin ku biya cikon kuɗi, ki cika bokiti uku ki kwara a bakin ƙofa, ki tsaya ki ga inda ruwan ya nufa, bayan minti goma ki zagaya, duk inda kika ga ya kwanta a ɗaga wurin a gyara tun mai aikin yana nan.

Tambaya

Malam, barka da aiki. Gidan haya nake a Idi-Araba, akwai ɗan fili a bayan ɗakina da ruwa yake kwanciya a ciki. Mai gidan ya ce in gyara da kuɗina idan ina so. Na ga ana sayar da ciyawar roba, wani abokina kuma ya ce in yi dandamalin katako. Me ka gani?

Daga wani mai karatu, Idi-Araba.

Amsa

Malam, barka kadai. Ciyawar roba ba ta maganin ruwan da ya kwanta, rufe shi kawai take yi, ƙarƙashinta ya yi ta wari, kuma kwanaki 7 zuwa 10 sun ishi ƙwan sauro ya zama sauro a irin wannan wuri. Da rana tana zafi, garwashi ɗaya kuma ya isa ya narka ta. Katako a ƙasa mai laima abincin gara ne, sai irin su iroko masu tsada, su ma sai an ɗaga su daga ƙasa iska tana bi ta ƙarƙashi, kuma wannan ba kuɗin da ɗan haya zai zuba a gidan wani ba ne.

Ka fara da gano dalilin kwanciyar ruwan. Ka haƙa rami mai zurfin gwiwa a ranar da ba a yi ruwa ba, ka cika shi da ruwa da safe. Idan zuwa yamma ya shanye, ƙasar tana sha, wurin ne kawai ya yi kwari, sai ka cike shi da jar ƙasa ka daddanne, ka ba shi gangara zuwa kwata, ka zuba tsakuwar dutse ƙanana kaurin santimita 5, ka jera manyan falalen kankare a inda ake takawa da inda kake shimfiɗa darduma. Waɗannan falalen naka ne, ranar da za ka tashi ka ɗora su a mota. Idan kuwa ka wayi gari ramin yana nan da ruwansa, ko ma ka tarar da ruwa tun kana haƙa, to ruwan ƙasa ne ya taso ko kwatar gidan ce ta toshe, kuma wannan aikin mai gida ne. Ka kira shi ya ga ramin da idonsa, ku yi magana a gaban shaida, idan kuma kun amince kai za ka yi aikin, a rubuta cewa za a cire kuɗin daga hayar shekara mai zuwa kafin ka sayi ko baro ɗaya na tsakuwa.